Dirka Goma Sha Takwas

Cikin duk takardun da na sa wa hannu tun da na fara aikin duba shinge, akwai guda ɗaya da ranarta ta ƙi fita daga raina. Wata Litinin ce a ƙarshen kaka, an kwashe masara da dawa, saura 'yar auduga a gonaki. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan yi mini dariya, wai in mun je duba aiki sai in ajiye babur nesa da ƙofa, in kama kewaya shinge kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Na ma ji an ce waninku ya sa mini suna Zagaye. Ban ji haushi ba, amma gara ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ina matsayin mataimakin jami'in duba aiki a wani shiri na tallafa wa masu noman rani, ofishinmu yana Funtua. Shirin yakan haƙa wa ƙungiyar manoma rijiya, ya ba wanda ya iya aikin kewaye lambun da ragar waya, in an gama sai a tura irina ya duba. Takardar dubawar tana da layi shida: zurfin dirkoki, wato itatuwan da ake kafawa a maƙala musu waya, sai tazarar da ke tsakaninsu, tokarar kusurwa, jan waya, ratar da ke tsakanin waya da ƙasa, sai kuma ƙofa. Da zarar na sa hannu abu biyu ne ke biyo baya. Mai aikin zai tattara kayansa da mutanensa ya wuce wani aikin, masu lambu kuma su fara dashe. Kafin wannan sa hannun ba a yarda kowa ya dasa ko ganye ɗaya ba.

Lambun da aka tura ni na wata ƙungiyar mata ne a wani ƙauye bayan Ƙarfi, yawancinsu dattawan mata, Musulmi da Kirista. Tun makonni kafin a gama shingen kowacce ta yi renon irin albasa da tumatir a cikin gidanta, a bayan ɗaki, inda katanga ke tsare shi. Jiran sa hannuna kawai suke yi su kwaso shi zuwa lambu. Kuma lokaci ya ƙure, saboda al'adar ƙauyen, kamar sauran ƙauyukan yankin, ita ce a ɗaure dabbobi tun faɗuwar damina, in an kwashe amfanin gona mai unguwa ya sa a yi shelar sakinsu. An riga an yi shelar, Asabar ɗin makon za a saki. Wanda bai taɓa ganin akuyar da ta yi wata biyar a turke ta hango kore ba, ba zai gane dalilin gaggawar ba.

Wanda ya yi shingen kuwa Baba Iro ne, kuma nan ne matsalata ta fara tun kafin in hau babur. Ina ɗalibi an tura ni koyon aiki a wata babbar gonar kiwon shanu, shi ne shugaban masu shinge a wurin. Duk abin da na sani a kan waya daga hannunsa na koya. Shi ya nuna mini cewa ƙananan idanun raga suna ƙasa, manyan suna sama, kuma ɗan lanƙwasan nan da ake yi wa wayar tun daga masana'anta ba ado ba ne, in ka ja har ya miƙe ka kashe waya. Wata shida ina cin tuwon gidansa. Da gonar ta daina aiki ya koma karɓar aikin shinge da kansa, kuma wannan ne lambu na farko da ya yi wa shirinmu.

Na isa da hantsi. Shugabar ƙungiyar, Hajiya Asabe, ta tare ni a bakin ƙofar lambun da sannu da zuwa, ta sa aka shigar da babur ɗina ciki. An shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro a tsakiyar lambun, ga fura da nono, ga soyayyar gyaɗa. Ban ma cire jaka daga wuya ba aka miƙo mini ludayi. Baba Iro yana gefe ya sa sabuwar hula. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗaga ni yana cewa yau shi ne ɗalibi, Malam Kabiru ne malami. Mata suka yi dariya, ni ma na yi.

Daga kan tabarmar nan shingen ya yi kyau ƙwarai. Waya ta tafi sumul daga kusurwa zuwa kusurwa, ba ciki, ba tanƙwara, dirkoki sun ɓuya a bayanta a jere kamar sahun salla. Na tashi na bi layin takardata ɗaya bayan ɗaya. Na zaɓi dirka biyu na sa aka tone gindinsu, zurfin ya kai har ya ɗan wuce, an shafa musu baƙin mai saboda gara. Na auna tazara da tef, daidai. Na hau tokarar kusurwa da ƙafa biyu na yi tsalle, ko motsi. Na danna wayar da tafin hannu ta dawo mini da ƙarfinta, lanƙwasan nan yana nan bai mutu ba. Na durƙusa na tura hannu ta ƙasa, yatsu uku ba su shiga ba. Ƙusoshin da suka riƙe wayar, irin masu ƙafa biyun nan, an buga su a karkace, kuma ba a nutsa su har ƙarshe ba don waya ta samu wurin motsi in rana ta yi zafi. Yadda ya koya mini ke nan. Sai dai na lura gajeru ne, na kasuwa, ba dogaye masu ƙaya irin na gonar shanu ba, amma takarda ba ta tambayi tsawon ƙusa ba.

Layi shida, duka sun ci. Amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni mutum ne mai garaje, kun sani, ban iya zama wuri ɗaya ba, amma wannan daban ne. Na koma tabarma, na tashi. Na sake bin shingen tun daga ƙofa har na dawo ƙofa. Na sake girgiza kusurwar da na riga na girgiza. Wani abu yana gaya mini akwai abin da bai zauna daidai ba, na duba na duba ban gan shi ba. Hajiya Asabe ta tambaya ko furar ce ba ta yi mini ba. Baba Iro kuwa yana bina da ido yana murmushi, ya ce in zagaya sau goma ma ba laifi, shi ya koya mini rashin yarda da ido. Rana ta take, mata sun jeru a inuwa suna kallon jakata. Na ce wa kaina wataƙila jin nauyin duba aikin malamina ne kawai ke damuna. Na zaro biro na sa hannu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

A hanyar komawa ko kaɗan ban ji daɗin tuƙi ba. Sau biyu ina rage gudu kamar zan juya. Da na iso Bakori na tsaya sallar la'asar a wani masallaci na bakin titi. Ina alwala sai ga wata jar akuya ta zo ta jingina da zanar wani gida, ta manna haƙarƙarinta, ta bi ta tun daga farko har ƙarshe tana susa, zanar tana lotsawa ciki. Ta juyo ta sake bi da ɗaya gefen. Na tsaya da buta a hannu ina kallonta, sai na gane abin da na kasa gani a lambu.

Dabba ba ta tsallake shinge da farko, jingina take yi. Saboda haka ana buga waya ne a fuskar dirkar da ke kallon dabba, in ta tura sai ta danna wayar a jikin itace, itacen ya ɗauki nauyin. In aka buga ta ɗaya fuskar, duk turawar da dabba ta yi ƙusa take zarewa. Baba Iro ya yi shekara da shekaru yana shinge inda shanu ke ciki, hannunsa ya saba buga waya ta ciki. A lambu kuwa dabbar tana waje. Ya buga wayar gaba ɗaya ta ciki, da gajerun ƙusoshi, kuma ya bar su sako-sako yadda ƙa'ida ta ce. Ni kuma an shigar da ni ta ƙofa an zaunar da ni a tsakiya, na yi ta zagaye ta ciki, inda aikin ya fi kyau. Ko sau ɗaya ban taka wajen shingen ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in juya a take, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ban juya ba. Na ce bari in kwana da abin, wataƙila ina zuzuta shi ne.

Washegari Talata na koma da sassafe, takardar tana cikin jakata ban miƙa a ofis ba. Wannan karon na ajiye babur a waje. Na je bayan shingen na sa kafaɗa a tsakanin dirka biyu na tura, ba da ƙarfi sosai ba. Ƙusa ɗaya ta ɗago kai. Na ƙara turawa, ta faɗo ƙasa ta cikin lambu. Na tsaya ina kallon ramukan da ta bari a jikin itacen.

Ina tsaye a wurin sai ga mata sun fara fitowa daga gari a jere, kowacce da daro a ka, an tumɓuko irin da ƙasarsa an yayyafa masa ruwa. Suna wucewa suna gaishe ni, suna sa mini albarka. Wata daga cikinsu, Rifkatu, mace mai kimanin shekara hamsin wadda fangalinta shida na dashe ke can ƙarshen lambun ta wajen kwari, ta ɗan tsaya da daronta ta dube ni, ta dubi dirkar da nake kallo, ta ce mini sannu da aiki, ta wuce. Kalma ɗaya zan faɗa su mayar da irin gida. Amma faɗar kalmar nan a gaban mata yana nufin na tsaya a bainar jama'a na ce aikin Baba Iro bai yi ba. Na ce bari in same shi tukuna mu yi magana mu biyu.

Na same shi a ƙofar gidan mai unguwa, an kewaye shi. Dattawan gari sun zo yi masa godiya, wani ma daga ƙauyen gaba ya zo yana so a yi masa irin wannan shingen. Baba Iro ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, yana gaya musu wannan yaronsa ne, kuma bai ɗaga masa ƙafa ba, har dirka ya sa aka tone. Na zauna kamar a kan ƙaya. Na jira a watse, ba a watse ba. Aka kawo abinci, aka yi azahar, aka dawo aka ɗora sabuwar hira. Sau uku ina buɗe baki in ce Baba ina son ganinka, sau uku wani yana riga ni magana, ni kuma, in faɗi gaskiya, ina jin sauƙi duk lokacin da aka riga ni. Da la'asar ma'aikatansa uku suka ɗora kaya a motar kasuwa suka wuce Musawa, inda wani aikin ke jiransu, shi zai bi su bayan kwana biyu. Ina kallo motar ta tashi. Da na biya ta lambu kafin in tafi, fangali duk sun yi kore.

Na ji haushin kaina a ranar irin wanda ban taɓa ji ba. Matata ta ce tun da na shigo nake shiga ina fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Laraba na riga rana isa. Na tarar da shi a masaukinsa yana shan koko shi kaɗai. Na gaishe shi, na ce ina roƙon ya raka ni bayan lambu. Bai tambaye ni dalili ba, ya sa takalmi. Da muka isa sai na sa kafaɗa na tura. Ƙusa biyu suka fita. Ya dubi wayar, ya dubi dirkar, ya waiwaya ya dubi garin da ke bayanmu, inda ake jin kukan awaki a turke.

Ya ce, "Ta ina dabbar za ta zo, Kabiru?"

Na ce, "Ta nan inda muke tsaye, Baba."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Tun ina saurayi nake tsare dabba kada ta fita. Ban taɓa tsare ta kada ta shiga ba. Hannuna ne ya yi aikin, kaina bai bi shi ba." Sannan ya ce, "Yaushe ka gani?"

Na ce shekaranjiya da la'asar. Ya dube ni, kallon da har yau nake gani. Ya mayar da hularsa ya fara ƙirga dirkoki da yatsa.

Cire wayar a mayar da ita waje ba zai yiwu ba, abin jan waya ya tafi Musawa, kuma ko yana nan aikin mako biyu ne. Dabarar da ta rage ita ce a bi kowace dirka a ɗaure ragar a jikinta da waya mai kauri, a zagaye itacen a murɗe ta waje, wuri takwas daga sama har ƙasa, yadda ko ƙusa ta fita ɗaurin zai riƙe. Dirkokin sun kai ɗari biyu. Ya kira mutanensa a waya, suka ce sun riga sun fara haƙa a can, mai gonar ba zai sake su ba.

Na kira Injiniya, shugaban sashenmu, na gaya masa komai. Ya tambaya ko akwai layin da ya ce a duba fuskar da aka buga waya, na ce babu. Ya ce to a takarda ban yi laifi ba, amma akuya ba ta karanta takarda, in zo sito in ɗauki waya. Zuwa Funtua da dawowa da naɗi biyu a bayan babur ya cinye mini rabin yinin. Daga nan na wuce wurin mai unguwa na roƙe shi ya ɗaga sakin dabbobin ko da kwana biyu ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce harawar mutane ta ƙare, Fulani kuma sun riga sun sauka a gonakin da aka yi alkawarin taki da su, ba zai janye shelar gari guda saboda lambu ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba.

Hajiya Asabe ce ta gaya wa mata, ni ban iya ba. Babu wadda ta yi mana faɗa. Irin da aka dasa jiya ba ya komawa gida, in ka sake tumɓuke shi ya mutu, saboda haka suka zauna a inuwa suna yanka mana waya guntu-guntu da tsohuwar adda a kan dutse. Filayar murɗa waya biyu gare mu, ta Baba Iro da wadda muka aro wurin mai gyaran babur. Maza biyu daga gari sun zo taimako, suka ɗaure dirka huɗu da hannu, Baba ya bi ya kwance duka, ya ce ɗaurin da yatsa zai juya shi, bijimi ba zai ma san yana nan ba. Suka yi fushi suka tafi. Muka rage mu biyu, tsoho da ɗan ofis mai laushin hannu.

Shi ya tsara yadda za mu bi. Muka fara da gefen burtali, hanyar shanu, sannan gefen gari inda awaki za su ɓullo, sannan gefen gonaki. Gefen kwari muka bari ƙarshe, saboda gangare ne, ya fi wuya dabba ta hawo ta nan. Alhamis muka wuni a tsaye. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, na naɗe shi da tsumma. Baba kuwa sai dai ya miƙo hannu a ba shi waya. Duk dirkar da na gama sai na ɗaga kai na ƙirga saura, in sake ƙirgawa ko za su ragu. Juma'a salla ta ɗauke mana awa uku, don sai mun je Ƙarfi. Muka dawo muka ci gaba har duhu ya hana mu ganin murɗin.

Asabar da safe aka saki. Ina jin hayaniyar tun daga cikin gari, kafin ka ce me awaki da tumaki sun cika bayan lambun. Suka yi daidai abin da akuyar Bakori ta yi, suka jeru suna goga jiki, wasu suna miƙewa da ƙafafun gaba a kan raga. Ƙusoshi suna fita, ɗaurin yana riƙewa. Gefe uku suka tsaya cak. Mata suka ɗauki tsumagu suka tsaya gadi ta inda awaki suka fi yawa, mu kuma muna gefen kwari muna murɗa waya kamar mahaukata. Da rana ta kai tsaka saura dirka goma sha takwas.

Wayar da aka yanka ta ƙare a hannunmu, na ruga gindin mangwaro in ɗebo wata. Ina durƙushe ina tattarawa na ji Baba ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Garken shanu ne ya biyo cikin kwarin, wanda ya bushe, suna neman hanyar rafi. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya jawo na gaba suka hawo gangaren. Wani farin bijimi ya sa wuya a ragar, daidai inda ba mu kai ba, ya jingina kawai. Na ji ƙusoshin suna fita ɗaya bayan ɗaya, ragar ta kwanta ciki tun daga nan har kusurwa, shanun suka taka ta suka shiga, awaki suka biyo bayansu.

Makiyayin ya yi iya ƙoƙarinsa, da gudu ya zo yana dukansu, mata suka taho da tsumagu. Ba a fi minti biyar ba aka fitar da su. Amma fangali shidan Rifkatu su ne a bakin wurin. Tumatirin an cinye shi har ƙasa, albasar kuma kofato ya dama ta da laka. Irin da ta yi mako shida tana reno a bayan ɗakinta, tana ɗebo masa ruwa a ka safe da yamma, babu abin da ya rage da za a ce a tayar. Sake reno kuma lokaci ya wuce, zafi zai riske shi.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga cikin lakar tana tsintar 'yan ƙwayoyin da ba su karye ba tana sawa a gefen zaninta. Na je na tsaya kusa da ita na ce ta yi haƙuri. Ta miƙe ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ranar Talata da muka fito da iri, na gan ka tsaye a waje kana kallon itacen nan. Ka sani tun ranar?"

Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Da ka faɗa mani, da na mayar da abina bayan ɗaki. Daron yana kaina fa."

Ta koma tsintarta. Na fi son a ce zagina ta yi.

Muka ɗaga ragar ni da Baba Iro, muka ɗaure sauran dirkokin, kafin magariba mun gama. Matan suka tara wa Rifkatu ragowar irin da ke gidajensu, ya ishe ta fangali biyu, huɗu suka zauna haka nan har damina. Da muka murɗe ɗaurin ƙarshe Baba ya zauna a ƙasa ya jingina da dirkar, yana duban tafin hannunsa. Ya ce kuskuren waya nasa ne, kuma da bakinsa zai gaya wa duk wanda ya tambaya. Sannan ya nuna layin da shanun suka kwantar.

Ya ce, "Goma sha takwas. Aikin yini ɗaya ma bai cika ba, kuma ran Talata yarana uku suna nan." Ya ɗago ya dube ni. "Na koya maka duba shinge, Kabiru. Ban tuna ranar da na koya maka jin kunyata a kan aiki ba."

Na miƙa takardar a ofis ranar Litinin, na rubuta abin da ya faru a bayanta da hannuna. Layi na bakwai da kuke gani a takardarmu yanzu, wanda ke tambayar ta wace fuska dabba take kuma ta wace fuska aka buga waya, daga nan ya fito. Injiniya ya ƙara shi a makon. Baba Iro ya yi wa shirinmu lambuna da dama bayan wannan, kuma kafin ya kafa dirka ɗaya sai ya tsaya a fili ya tambayi masu wurin ta ina dabba ke zuwa.

Amma ba layi na bakwai nake so ku riƙe ba, wannan ko ba ni za ku karanta shi. Mutanenmu suna da karamci, za su tare ku a ƙofa, su shigar da ku inuwa, su sa muku ludayi a hannu, kuma wanda ya yi aikin sau da yawa ya haife ku, ko ya taɓa yi muku alheri. Ba don su rufe muku ido suke yi ba, haka muka taso. Sai dai daga kan tabarma kowane shinge mai kyau ne, kuma in ka ci ka sha ka yi dariya da mutum, bakinka yakan yi nauyi. Ni na ga aibin da wuri, da sauran lokaci isasshe. Nauyin baki ne ya cinye yini guda, kuma ba ni na biya ba, ba Baba Iro ba.

Shi ya sa nake ajiye babur a waje, in bi shinge ta inda akuya za ta bi, in sa kafaɗa in tura. In na ga abin da bai yi ba, a nan tsaye nake faɗa, ko gaban wa, kafin in karɓi ruwan da aka kawo mini. Har yanzu aiki yakan kai ni ƙauyen nan. Rifkatu tana gaishe ni da fara'a, har albasa takan ƙulla mini in kai gida, kuma ban taɓa iya kallon daron da ke kanta ba.